Kogon Makiyayin Da Ya Mai Da Duwatsu Tumaki

Duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa zuwa sarin kaya ƙasar Sin, da wuya a ce bai san Yiwu ba, watau garin nan na lardin Zhejiang wanda kasuwarsa ta ƙananan kayayyaki ta yi suna a duniya. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa Yiwu ɗin nan tana ƙarƙashin mulkin wani birni ne mai suna Jinhua, kuma tsakaninsu bai wuce kimanin mil 30 ba. Arewa da birnin Jinhua akwai wani dogon dutse mai duhuwar itatuwa, wanda ƙololuwarsa ta haura ƙafa 4,000, a cikinsa kuwa akwai kogwanni waɗanda mabiya addinin Tao suke girmamawa tun fiye da shekara dubu da suka wuce. Labarin waɗannan kogwanni, da na wani yaro makiyayi da aka ce ya ɓace a cikinsu, shi nake so in kawo wa masu karatu a wannan mako.

Na sauka ne a Yiwu wurin wani abokina wanda ya daɗe a can yana yi wa mutanenmu dillanci da lodin kaya. Ran nan da aiki ya lafa, sai tafintansa, wani saurayi ɗan ƙasar, ya ce ai bai kamata baƙo ya koma gida bai ga kome ba sai shaguna da kwalaye. Ya ce mu zo ya kai mu dutsen Jinhua. Muka ce masa mu fa Musulmi ne, ba mu rusuna wa gunki, ba mu kuma ƙona masa turare. Ya yi dariya ya ce yawancin masu zuwa wurin ma kallo ne yake kai su, babu mai tilasta wa wani. Da wannan sharaɗi muka shiga jirgin ƙasa mai gudun nan nasu, kafin shayinmu ya huce har mun iso Jinhua. Daga nan muka ɗauki mota muka kama wata hanya mai kwane-kwane da take hawa dutsen, rafi yana biye da mu ta gefe.

Abin da kogo yake nufi gare su

Kafin mu shiga, ya kamata mai karatu ya san kaɗan game da masu wurin. Kalmar Tao, ko Dao, ma'anarta “hanya”. Tushen koyarwarsu wani ɗan littafi ne mai babi 81 da ake jingina wa wani tsohon masani mai suna Laozi, amma addinin bai zama ƙungiya mai malamai da ƙa'idojin ibada ba sai a shekarar 142, lokacin da wani mai suna Zhang Daoling ya kafa ɗariƙarsa a yankin Sichuan. A yau yana ɗaya daga cikin addinai biyar da gwamnatin Sin ta amince da su. Babban burin malamansu na dā shi ne mutum ya rabu da hayaniyar duniya, ya horar da numfashinsa da cikinsa da zuciyarsa, har ya kai wani matsayi da suke da'awar wai mutuwa ba ta riskarsa.

Saboda haka ne suke son duwatsu, musamman masu kogo. A ganinsu wasu kogwanni ƙofofi ne zuwa wata duniya da take ɓoye a cikin ƙasa, mai ranarta da watanta, kuma wai akwai hanyoyi ta ƙarƙashi da suka haɗa wannan kogo da wancan. Sunan da suke kiran irin wannan wuri, in an fassara shi, shi ne “samaniyar kogo”. A zamanin daular Tang wani malaminsu mai suna Sima Chengzhen, wanda ya rayu daga 647 zuwa 735, ya tsara su a rubuce: manya guda 10, ƙanana guda 36, sa'an nan da wurare masu albarka guda 72. Dutsen Jinhua shi ne na 36 a jerin ƙananan, watau shi ne auta.

Sai an kwanta ake shiga

Manyan kogwannin dutsen guda uku ne, suna jere wani bisa wani. Na ƙasa shi ake kira Shuanglong, watau kogon dodanni biyu, domin a bakinsa akwai duwatsu biyu da suke reto, waɗanda Sinawa suke gani kamar kawunan dodon nan nasu mai jikin maciji da ƙaho. Ni dai sai da tafinta ya yi ta nuna mini da yatsa kafin na ce na gani. Kusa da bakin kogon akwai wani ɗakin bauta mai jan fenti da lanƙwasasshen rufi. A nan muka tarar da tsofaffin mata riƙe da turaren tsinke, suna ɗaga shi daidai goshi suna sunkuyawa a gaban mutum-mutumin makiyayin da zan ba da labarinsa. Muka tsaya daga waje muka ba su wuri.

Zauren farko na kogon yana da faɗi da tsawo, har ana cewa zai ɗauki mutum dubu, ga shi da sanyi rani da damina kamar ruwan randa. Dutsen irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa da siminti ne, ruwa kuwa yana cinsa sannu a hankali, shi ya sa cikinsa ya zama rami-rami. To, daga wannan zaure zuwa na ciki babu ƙofa sai wata 'yar kafa da ruwa yake fitowa ta cikinta, tsakanin fuskar ruwan da dutsen kuwa bai fi kamu ɗaya da rabi ba. Mai son shiga sai ya hau wani ƙaramin kwale-kwale ya kwanta rigingine, ya manne kafaɗa da ƙeya a ƙasan jirgin, a ja shi da igiya. Abokina, wanda Allah Ya hore wa tumbi, ya tsaya yana duban kafar yana duban cikinsa, har ma'aikatan wurin suka kama dariya. Da muka kwanta aka fara ja, sai na ga dutse yana wucewa dab da hancina, duhu ya rufe. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne kwanciyar kabari, na yi salati a zuciyata. Kafin in gama sai ga haske, mun fito a zauren ciki, inda aka ƙawata duwatsu masu reto da fitilu masu launi iri-iri.

Wannan kafa ta daɗe tana ba matafiya wahala. A shekarar 1636 shahararren matafiyin nan na Sin, Xu Xiake, ya zo nan bai sami jirgi ba, sai ya ari bahon wanka wurin wata tsohuwa da take zaune kusa, ya tuɓe ya zuba tufafinsa a ciki, ya shiga ruwan yana tura bahon har ya ƙetare. A 1957 kuma wani marubuci mai suna Ye Shengtao ya zo ya rubuta labarin shigarsa, aka sa shi cikin littafin karatun firamare. Tafintanmu ya ce shi ma a aji ya fara sanin kogon, tun bai taɓa ganinsa ba.

Kogo na biyu, Binghu, kamar rijiya yake, bakinsa ƙarami, cikinsa mai zurfi, kuma a can ciki ruwa yana zubowa daga bango da ƙara mai toshe kunne. Na uku shi ne Chaozhen, can sama, sai mutum ya sha hawa kafin ya kai, shi ya sa taron 'yan kallo yake raguwa a hanya. Babu kwale-kwale a nan, babu kuma rugugin ruwa. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne wata 'yar ɓula a rufin, wadda haske yake saukowa ta cikinta kamar zare. Wannan kogo na sama shi ne mutanen wurin suke cewa makiyayin ya zauna a ciki. A bakinsa muka zauna muna mai da numfashi, tafinta ya ba mu labarin.

Labarin wa da ƙane

An ce a yankin nan an yi wani yaro mai suna Huang Chuping. Yana da shekara 15 iyayensa suka tura shi kiwon tumaki. Kalmar da Sinawa suke amfani da ita ta haɗa tumaki da awaki duka, saboda haka wasu masu zane awaki suke zanawa. Yana cikin kiwo sai wani malamin Tao ya gan shi, ya lura yaro ne mai natsuwa da gaskiya, ya ja shi zuwa wani ɗakin dutse a cikin dutsen Jinhua. Yaro ya zauna can fiye da shekara 40, bai ko ƙara tuna gida ba.

Yana da wa, sunansa Chuqi. Shi wannan wa bai haƙura ba. Ya shiga dutsen yana nema shekara da shekaru, babu yaro babu dabbobi. Wata rana a kasuwa ya gamu da wani malamin Tao mai duba, ya gaya masa ƙanensa ya ɓace wurin kiwo yau fiye da shekara 40, bai san ko yana raye ko ya mutu ba. Malamin ya ce lalle akwai wani makiyayi mai wannan suna a dutsen Jinhua. Ya bi shi, suka je, sai ga ƙanensa. Suka yi kuka, suka yi murna. Da hankali ya kwanta, sai wan ya yi tambayar da kowane mai dabba zai yi, ya ce ina tumakin. Ƙanen ya ce suna nan gabashin dutse. Wan ya je ya duba, bai ga kome ba sai fararen duwatsu birjik. Ya komo ya ce babu tumaki a can. Ƙanen ya ce suna nan, shi ne dai ba ya ganinsu. Suka tafi tare, Chuping ya daka wa duwatsun tsawa ya umarce su da su tashi, nan take wai suka miƙe suka zama tumaki dubu bisa dubu.

Da wan ya ga haka sai ya ce shi ma yana son wannan ilmi. Ya bar matarsa da 'ya'yansa ya zauna wurin ƙanensa, ba su cin kome sai ƙaron itacen fayin, mai ganye kamar allura, da wani abu dangin naman kaza da yake fitowa a jikin saiwarsa. An ce bayan dogon zamani suka kai matsayin da ba su da inuwa a rana, fuskokinsu kuma suka koma na yara. Daga baya suka sauko garinsu don su ga dangi, suka tarar kusan duk sun mutu, sai suka juya suka koma dutse. Har yau Sinawa suna da karin magana a kan yi wa dutse tsawa ya zama tunkiya, kuma akwai fararen duwatsu a warwatse cikin ciyawa a wasu sassan dutsen waɗanda ake nuna wa baƙi. Shi kansa Xu Xiake da ya gan su, sai ya yi ba'a yana tambaya ko tumakin ne suka sake komawa duwatsu.

Asalin labarin a rubuce yana cikin wani littafi na tarihin waɗanda ake da'awar ba su mutu ba, wanda ake jingina wa wani masani mai suna Ge Hong, haifaffen shekarar 283. Amma akwai wani abin lura. Mabiyan makiyayin suna cewa an haife shi a 328. In haka ne, ya shiga kogo a 343, ya fito bayan 383, alhali kuwa Ge Hong ya riga ya rasu kafin nan. Ashe ke nan labarin ya girmi shekarar da aka laƙa masa, daga baya ne aka nema masa ranar haihuwa. Musulmi kuma da ya ji zancen saurayi da kogo da dangin da suka ƙare, dole ya tuna da Ashabul Kahfi. Sai dai bambancin a fili yake. Waɗancan samari sun gudu ne da imaninsu, Allah Ya kwantar da su Ya tashe su don Ya nuna tashin ƙiyama gaskiya ne, daga baya kuma suka mutu kamar kowa. Wannan kuwa tatsuniya ce ta masu neman su tsere wa mutuwa da dabararsu.

Yadda makiyayi ya yi ƙaura

Da labarin ya tsaya a nan dutse, da wataƙila ba a san shi ba sai a Jinhua. Amma a 1897, can kudu a lardin Guangdong, wasu masu wani irin duba da ake yi da sanda a kan tiren yashi suka ce wai makiyayin ne yake yi musu rubutu, yana ba su magunguna. A 1915 ɗaya daga cikinsu, Leung Yan-am, ya ɗauki hotonsa ya ƙetara Hong Kong, wadda take hannun Ingila a lokacin. A 1921 suka kafa masa ɗakin bauta a yankin Kowloon. Da harshen mutanen kudu sunansa ya koma Wong Tai Sin.

Sa'an nan sai zamani ya juya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma hawan 'yan gurguzu mulkin Sin a 1949, mutane suka yi ta kwarara Hong Kong, har yawan jama'arta ya tashi daga kimanin 600,000 a 1945 zuwa fiye da miliyan 2 a farkon shekarun 1950. Da yawansu suka kafa bukkoki a kewayen wannan ɗakin bauta. Mutane ne da suka baro gida da dangi, ba su da kuɗin likita, ba su san abin da gobe za ta haifar ba, ga kuma wani da ake cewa shi ma baƙo ne ɗan gudun hijira, yana ba da magani kyauta. A 1956 aka buɗe wurin ga kowa da kowa. A yau unguwa guda da tashar jirgin ƙasa suna ɗauke da sunansa, kuma mutane suna cika wurin suna girgiza gwangwani mai tsinken gora 100 har ɗaya ya faɗo, a duba lambarsa a gaya musu sa'arsu a kan ciniki ko aure ko jarrabawa. Dubi ikon Allah: wanda aka ce ya bar garke ya bar gida don gudun duniya, shi ne aka mai da wurin roƙon duniya.

A can gida kuwa abin sai ya yi ta lalacewa. Tsohon babban ɗakin bautarsa na Chisong, a gabashin dutsen, ruwan wata madatsa da aka gina a ƙarshen shekarun 1950 ya shanye wurinsa. Daga 1966 zuwa 1976, zamanin da ake kira Juyin Al'adu, aka hana irin wannan ibada, aka farfasa abin da ya saura. Sai bayan da ƙasar ta buɗe ƙofarta daga 1978 mutanen Hong Kong suka fara zuwa neman asalin abin bautarsu. Kamar yadda wan nan ya je gabashin dutse bai tarar da kome ba sai duwatsu, haka su ma suka tarar da kufai da ruwa. Amma sun zo da kuɗi, hukumomin yankin kuma suna son baƙi da masu zuba jari. Cikin shekarun 1990 aka tayar da ɗakin da muka gani a bakin kogo, aka gina wani ƙato a can saman dutse, aka gina wani a Chisong, mutanen Lanxi da ke makwabtaka su ma suka gina nasu suna cewa a ƙauyensu aka haife shi. A 2008 gwamnati ta sa labarin cikin jerin al'adun gargajiya na ƙasa da ake kiyayewa. Abin da aka farfasa jiya da sunan camfi, yau ana sayar da tikitin shigarsa da sunan tarihi.

Abin da muka sauko da shi

Da tafinta ya gama, sai na lura abokina ya yi shiru, yana ta jujjuya hularsa a hannu. Na ce, “Alhaji, ko hawan ne ya taɓa ka?” Ya ce, “A'a, Malam. Ni matar wan nan ce ta tsaya mini a rai. Ta yi haƙuri yana yawon neman ƙanensa, ran da ya same shi kuma sai shi ma ya ɓace. Ka ji an ce an gina mata ko da rumfa?” Muka tambayi tafinta ko labarin ya faɗi sunanta. Ya yi tunani ya ce bai faɗa ba, ita da 'ya'yan duk a jimla ɗaya aka ambace su aka wuce.

Na daɗe ina tunanin wannan magana. Masu zuwa dutsen nan tsawar da aka yi wa duwatsu suke tunawa, domin ita ce abin mamaki. Amma in ka cire ta, abin da ya rage labari ne wanda kowane gari ya sani: yaro ya fita da safe bai komo ba, uwa da uba sun mutu ba su san kabarinsa ba, ɗan'uwa ya ƙare ƙuruciyarsa yana tambayar mutane a kasuwa. Su biyun sun sami abin da suka tafi nema, in ji labarin, har tumaki sun ninka, amma ran da suka ga dama suka sauko babu wanda zai yi musu sannu da zuwa. Wanda ya tsara labarin tun fiye da shekara 1,600 da suka wuce yana yabon masu barin duniya ne, duk da haka bai ɓoye wannan ba.

Muka sauko da la'asar, muka sami wani lungu bayan wurin ajiye motoci muka yi salla. A cikin jirgi muna komawa Yiwu abokina bai yi zancen kwantena ko canjin kuɗi ba, abin da ba ya rabuwa da bakinsa. Sai da muka kusa sauka ya ce mini rabonsa da gida tun babbar 'yarsa tana aji ɗaya, ga shi an ce bana za ta gama firamare. Kullum yana cewa sai kaya na gaba sun tashi. Ban ce masa kome ba, domin ba ni da abin da zan ƙara a kan abin da ya ji da kunnensa a bakin kogo.

Ga 'yan'uwanmu masu zuwa Yiwu, wanda ya sami rarar yini guda ya daure ya leƙa dutsen Jinhua, ya tafi da takalmi mai kama ƙasa da 'yar rigar sanyi, ya kuma riƙe guzurinsa, domin birnin ya yi suna ne da busasshen naman alade. Ya kalli aikin Ubangiji a cikin dutse, ya bar masu wurin da abinsu. Allah Ya mai da kowane matafiyi gida lafiya, Ya sa ya tarar da masu jiransa.